Ranar da Ɗanasabe Ya Kira Sunan Surukinsa

In kun taɓa cin kasuwar Gangara, ƙila kun ga wani dattijo siriri da ke yin taku goma ya tsaya ya dafe ƙirji. To, shi ne Ɗanasabe. Kada tsayuwar nan ta ruɗe ku, mutumin akwai zuciya.

Da ƙuruciyarsa ya tafi ci-rani kudu, can kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa saboda duhun itatuwa. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da zarton inji. Shi da bakinsa yake cewa akwai itacen da mutum shida ba su iya kewaye shi da hannu, amma kafin hantsi ya dubi ludayi sun kwantar da shi. Ranar da ya baro wurin, duk inda ya juya kututture ne. Abin da ya kawo gida kuwa rediyo ne da akwatin ƙarfe da tari, don hayaƙin inji da garin katako sun cinye masa huhu.

Wata shekara numfashi ya sarƙe, aka kwashe shi zuwa likita a Maraɗi, aka ɗaura masa bututu a hanci daga wata tukunyar ƙarfe. Da ya farfaɗo ya tambayi mai jinyar mene ne a cikin tukunyar ƙarfen nan. Ta ce, "Iska ce, Baba, irin wadda ganyen itace ke fitarwa muna shaƙa." Wato abin da Ɗanasabe ya shekara sha ɗaya yana kashewa, shi ne yau ake ɗura masa ta hanci.

Daga nan ya koma gonarsa da wani sabon hali. Duk kututturen da ya yi toho, gawo ne, kalgo ne, aduwa ce, sai ya zaɓi reshe biyu masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Don kada ya manta wanda ya zaɓa, ya yayyage tsohon jan zanen matarsa Cima yana ɗaure musu tsumma. Ta yi mita har ta gaji. Cikin shekara bakwai wasu sun fi shi tsawo, geronsa kuma ya daina kwanciya in guguwa ta taso.

Bana da bazara ciwon ya sake tashi, ya kwana goma sha biyu a likita. Mijin ɗiyarsa ta fari, Surajo, mai gyaran babura a birni, ya ce ba zai bari damina ta riski gonar suruki ba a share ba. Ya tara abokansa don gayya. Da suka iso suka ga jajayen tsummokara suna kaɗawa a kan rassa, sai wani ya dafa kafaɗar Surajo ya ce, "Kai, ga ciwon tsohon nan a fili. Jifa aka yi masa." Nan take suka yanke shawarar a sare, a ƙone, asiri ya karye.

Ɗanasabe na saukowa daga mota a bakin gari, Cima ta tare shi hannu bisa kai. "Malam, suna can tun safe da gatura. Na aika an faɗa musu, sun ce ai mace ba ta san sammu ba."

Bai shiga gida ba. Amalanken jakin maƙwabci ya hau.

To, ku kun san tsakanin mutum da mijin ɗiyar fari. Shekara shida ke nan Ɗanasabe bai haɗa ido da Surajo ba, bai taɓa furta sunansa ba, sai dai "mijin yarinyar nan". Gayya kuwa ba a amsa ta sai da godiya. Da ya iso ya ga gabashin gonar tas kamar tafin hannu, hayaƙi na tashi, ya fara gwada bin al'ada. Ya juya baya, ya ce da jakin, "Wai a gaya wa masu aikin nan su dakata." Muryar da ba huhu, wa zai ji ta? Gatari ya ci gaba. Surajo da kansa ya ɗaga nasa a gindin wani gawo, farkon wanda tsohon ya ɗaura wa tsumma.

"Surajo!"

Surajo ya saki gatari ya durƙusa kansa a ƙasa.

"Ɗago ka dube ni! Ni na ɗaura su. Zanen uwar matarka ne, sakarai! Wane boka ne zai bi itace ɗari biyu da tsumma iri ɗaya?"

"Baba, mun zaci..."

"Zato! Ni ma da zato na ci kurmi. Mun zaci ba ya ƙarewa. Ku da kuka zo cire mini asiri, ga asirina nan!" Ya buga ƙirjinsa, tari ya turnuƙe shi har ya dafa amalanke. Wanda ya kawo maganar jifan ya matso da ruwa yana cewa, "Haƙuri, Baba, ai itace ne, zai sake fitowa."

"Zai fito. Shekara bakwai. Kai kana da su. Dubi ƙirjin nan ka gaya mini ko ni ina da su."

Aka kashe wutar da ƙasa, masu gayya suka sulale, furar da Cima ta dama musu ko buɗe ta ba a yi ba. Yammacin gonar ya tsira, har da wancan gawon, da saran gatari ɗaya a gindinsa.

Da ruwan fari ya sauka, kututturan gabas suka yi toho. Aka ga Surajo ya zo daga birni shi kaɗai, ya yayyage wata tsohuwar rigarsa, yana bin su yana ɗaurewa. Ɗanasabe na zaune ƙarƙashin gawon ya ba shi baya, ya koma kunyarsa kamar ba a yi komai ba. Sai can aka ji yana ce wa jakin da ya kawo shi, da ƙarfi yadda za a ji, "A gaya wa mijin yarinyar nan, reshe biyu ake bari, ba biyar ba."