Tsagar da Kyamara Ke Haɗiyewa

A wani shagon kwamfuta a unguwar Lamisula, inda na zo buga takarda, wani dattijo yana zaune gaban laftof kamar mai jiran hukunci. Hularsa ta koɗe, tsagar Barebari ta sauko masa har haɓa.

Mai shagon tana yi masa bayani. "Baba, in na ƙure kyamarar, fuskarku za ta fito dalla-dalla, amma sabis ba ƙarfi, hoton zai riƙa tsayawa. In na rage, magana za ta tafi daidai, sai dai fuskar ta yi dishi-dishi."

"Tsagar fa?" in ji shi, da Hausarsa mai nauyin Barbarci.

"Ba za ta fito sosai ba."

Daga 'yan maganganunsu na fahimci wata mata ce za ta kira daga Diffa. Ana zaton ƙanwarsa ce, rabonsu tun ranar da aka tarwatsa garinsu, shekara goma sha ɗaya. Ina jin da baƙin gemu da cikakkun haƙora ta san shi. Ban da tsagar nan, me ya rage da za ta shaida?

Yana goge kumatu da bakin riga, kamar laifin fatar ne.

Kiran ya shigo. Bai ce a ƙure ba, bai ce a rage ba. Ya ɗora yatsa a kan tsagar yana bin ta a hankali, ko da mai kiran ba ta gan ta ba, ta ga inda yake nunawa.