Kayen Addu'a a Bakin Gada

Ni ce mai riƙe da kaye, wato littafin rubutu, na addu'ar matan majami'armu a shekarar da ruwa ya ƙi zuwa. Ba don na fi kowa tsoron Allah aka ba ni ba, ina! Ni kaɗai ce a cikinsu na yi lakwal, makarantar boko, har hannuna ya saba da rubutu. Ba mu da yawa, kuma kusan dukanmu mutanen ƙasar Maradi ne da aiki ko aure ya kawo Yamai. Kowace Alhamis da la'asar muna taruwa a gidan ɗaya daga cikinmu. Kowacce ta faɗi abin da ke damunta, in rubuta a kaye, sannan mu durƙusa mu bi su ɗaya bayan ɗaya cikin sunan Yesu. Ranar da Allah ya amsa, sai in ja layi a kan abin, a tafa, a yi waƙa.

A Kirkissoye muke zaune, hayin kogi, a gidan yayana wanda yake mushe, wato malamin boko, yana koyarwa a lise, babbar sakandare. Inna ta zo ta same mu bayan rumbunta ya ƙare a ƙauye kuma awakinta sun mutu. Kogin kansa ya janye har mutane na taka yashi inda da jirgi ke bi. Jar dawa ta taimako muke ci, wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su tsattsaga. Ga mulkin soja, ba ka san wanda zai kai maganarka gaba ba, don haka kowa ya iya bakinsa.

Ana cikin haka ɗalibai suka yi yajin karatu, takardun zagin gwamnati suka fara yawo a gari. Wata safiya sojoji suka shiga lise suka ɗauki yayana daga gaban allo, shi da malamai uku. Sati uku ba mu ji ɗuriyarsa ba. Na bi biro-biro, wato ofis-ofis, har takalmina ya tsinke, ko'ina a ce mini ba a san shi ba. A bakin ƙofofin nan na haɗu da matan sauran malaman ukun, muna zaman jira tare, a nan na san sunayen mazansu. Wasu na cewa an kai su arewa cikin hamada. Wasu kuma in sun gan ni sai su sunkuyar da kai, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Inna kuwa ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Yayana ne ɗanta na fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mutumin nan," take cewa, ko "wancan." Na san da al'adar, amma a satin nan haushinta nake ji ƙwarai.

Alhamis ta uku, da zagaye ya zo kan Inna, sai ta kalli tabarma ta ce, "A roƙa mana saboda mutumin gidanmu. Ko ido ɗaya daga cikin gida ya gan shi tsaye da ƙafarsa, mu san yana nan."

Shi ke nan fa! Na ji jinina ya hau. Mace an ɗauke mata ɗa, ta zo gaban Mai iko duka, abin da za ta roƙa ke nan? Na duƙa kan kaye na rubuta abin da ni nake so. Na sa cikakken sunan yayana, na jera sunayen malaman nan uku a ƙasa, na rubuta da manyan baƙaƙe: a sake su duka, kuma Allah ya saka musu. Cikin matan babu mai iya karanta abin da na rubuta.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, ko a gaban Allah ba za ki kira sunansa ba? Mutumin gida, mutumin gida! Gidaje nawa ne a Yamai? Yaya za a yi ya san wanda kike nufi?"

Ta ce, "Shi ya ba ni shi."

Na ce, "To ki roƙa a sake shi mana!"

Ta ce, "Ke dai bakinki ya fi ƙafarki sauri. Bari in san yana da rai tukuna."

Gaskiya a lokacin ni da Allah ma ba mu shiri sosai. Ni ke jan layi a kayen nan, na san abin da ake amsawa. Kazar wata ta ɓata, an same ta. Haƙorin wata ya daina ciwo. Amma ruwan sama, da nake rubutawa a kan kowane shafi tun farkon bazara, yana nan babu layi. Har na fara cewa a raina ƙila ƙananan abubuwa kawai ke isa kunnensa.

Akwai wata tsohuwa cikinmu da ƙafa ta kwantar, tana zaune bayan kasuwar Katako. Kowace Juma'a da safe nakan kai mata kayen, in karanta mata, ita kuma ta yi ta addu'a a kai har sati ya zagayo. Don haka washegari na jefa kaye cikin jaka na kama hanya. Ko kusa ban tuna da abin da ke ciki ba. A wurina kayan majami'a ne, kamar tabarma da ganga.

A bakin gada sojoji sun tare hanya suna binciken jakunkuna, takardun ɗalibai suke nema. Wani dogo ya zazzage jakata, ya buɗe kayen, ya yi ta juya shafi yana hamma. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya kalle ni, ya sake kallon shafin, ya kira na kusa da shi. A nan ne na tuna abin da na rubuta jiya. Na kuma tuna shafin ƙarshe, inda na jera gidajen da muke taruwa, kowane da ranarsa.

"Hau mota," in ji shi.

Suka kai ni wani gida mai doguwar katanga, ban san unguwar ba don an saki tampol a bayan motar. Suka zaunar da ni kan benci a wani ɗaki mai zafi, tun hantsi har rana ta take tsaka. Ba ruwa, ba mai ce mini uffan. Na so in yi addu'a, bakina ya ƙi. Abin da ke yawo a kaina shi ne, ni da hannuna na ƙara wa yayana laifi, na kuma miƙa musu gidajen matan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Har da tsohuwar da ba ta iya tashi.

Daga baya aka shigar da ni wurin babbansu. Mutum ne siriri mai furfura kaɗan, Hausarsa ta Damagaram. Kayen yana buɗe a gabansa kan tebur.

Ya ce, "Rubutunki ne?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wace ƙungiya ce wannan mai taro gida-gida?"

Na ce matan majami'a ne, addu'a muke yi. Na yi masa bayanin layin da ake ja. Bai nuna ya yarda ba, bai nuna bai yarda ba. Ya dinga karantawa a fili, a hankali: kaza, haƙori, mai naƙuda, ruwan sama, shugabanni da sojoji Allah ya ba su hikima. A nan ya ɗaga ido ya kalle ni, sannan ya juya zuwa shafin jiya ya ɗora yatsa.

"Waɗannan sunaye huɗu, ko rediyo bai faɗe su ba. Wa ya ba ki?"

In na ce matansu, na jawo su ciki.

"Kuma Allah ya saka musu. A kan wa?"

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu murus.

Ya ce, "To, bari mu ji daga wani bakin." Ya yi wa soja magana da Faransanci, soja ya fita. Ban san daɗewar da aka yi ba. Na ji takun takalmi, da wani takun na ƙafa ba takalmi, aka turo ƙofa.

Yayana ne. An aske masa kai, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ba tabarau a idonsa, yana ƙifce-ƙifce. Da ya gane ni sai fuskarsa ta canza, tsoro ya kama shi saboda ni. Na yunƙura zan tashi, soja ya daka mini tsawa na koma.

Babban ya ce, "Ka san wannan?"

"Ƙanwata ce."

"Wannan kaye fa?"

Yayana ya matso da fuska kusa don ya gani. Ya ce, "Na addu'ar matan majami'armu ne. Ni na ba ta shi ma, cikin ragowar na lakwal."

Babban ya juyo gare ni. "Kin ce kowace mace ke faɗin nata, ke ki rubuta. Wannan wa ya faɗa?"

Na ce, "Mahaifiyarmu."

"Ita ta jera miki sunayen?"

Kafin in buɗe baki yayana ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan fari ne. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, balle na wasu."

Mutumin Bahaushe ne, ba sai an yi masa bayani ba. Ya ɗan jingina da kujera ya ce da ni, "To ke kika ƙara gishiri. Ita me ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa, kar ki ƙara, kar ki rage."

Na ce, "Cewa ta yi, a roƙa saboda mutumin gidanmu. Ko ido ɗaya daga cikin gida ya gan shi tsaye da…"

Ban iya ƙarasawa ba. Ga shi nan a gabana, taku uku tsakaninmu, tsaye da ƙafarsa, kuma idona ne ke kallonsa. Tsigar jikina ta tashi. Kuka ya ƙwace mini, irin mai sauti, ban damu da wanda ke wurin ba. Tsoron sojan ma ya bar ni a lokacin, wani tsoron ne ya kama ni, na Wanda na ce ba zai gane ba in ba a faɗa masa suna ba.

Babban ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya kama shafin jiya ya yage, ya yage na ƙarshe mai jerin gidaje, ya yayyaga su ƙanana ya zuba a kwando. Ya turo mini kayen.

Ya ce, "Tafi ki gaya wa tsohuwa ido ya gani. Ke kuma ki riƙa rubuta abin da aka ce miki. In na sake ganinki a nan, ba za ki fita ba."

Ba su saki yayana ba. Soja ya kama hannunsa ya juya da shi. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Ki gaishe ta." Iyakar abin da aka bar shi ya faɗa ke nan.

Bayan la'asar na isa gida da ƙafa, don a bakin Babbar Kasuwa suka sauke ni. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗen garin jar dawa. Labarin kama ni ya riga ni zuwa, maƙwabciyarmu ta gani a gada, amma Inna ba ta tashi ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin dawo."

Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, na gan shi."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta tambayi wa ba.

"Da ƙafarsa?"

"Da ƙafarsa. Ya ce a gaishe ki."

Ta juya fuska wajen bango. Kafaɗunta na rawa, amma ban ji sauti ba. Na jira har ta share ido da bakin zane, sannan na faɗa mata komai, har da abin da na rubuta maimakon maganarta. Na zaci za ta yi faɗa. Sai kawai ta ce, "Ashe Allah ba kayenki yake karantawa ba."

Ta ɗauki rariya, ta sake ajiyewa. Ta ce, "Buɗe sabon shafi. Rubuta, mutumin nan ya ci tuwon hannuna a gidan nan. Kuma wannan karon abin da na faɗa za ki rubuta."

Na rubuta shi yadda ta faɗa, ban sa suna ba. Wata huɗu shafin ya yi yana jira. Ranar da na ja masa layi, yayana na zaune kan tabarma da kwano a gabansa, Inna kuwa tana can bakin murhu ta ba shi baya, tana tambayata ko wancan yana son ƙari.