Abin Kunnen da Ya Kai Maganata Gamawa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har inda na ajiye carbina sai an taya ni nema, amma abin da ya same ni wata Laraba da la'asar a tsakar gidana, a nan Azare, ba zai fita ba sai ranar da aka rufe ni. Shekara huɗu ke nan yanzu. Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyata malamar makaranta ce take rubuta wannan, na kuma ce mata ta sa shi yadda na faɗa, kada ta yi mini kwaskwarima.

In ana maganar baki, a unguwarmu an san ni. Tatsuniya ce, labarin mutanen da ne, ba a gama biki sai an ce a kira ni. Abin da na fi taƙama da shi kuwa kwaikwayo. In na ji mutum ya yi magana sau biyu, to muryarsa ta zama tawa. Mutum ɗaya ne ban taɓa bari labarin wannan baiwa ya kai masa ba: surukina, mijin 'yata ta uku, wani Alhaji mai sayar da hatsi a Gamawa. Shekara talatin muna kunyar juna. In ya zo gaishe ni, yana durƙushe a bakin ƙofa, ni ina bayan labule. Ban taɓa cin ko goro a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba. Shi a wurinsa ni wata salihar tsohuwa ce marar magana.

To, ɗansu na fari, jikana ke nan, yana aiki a nan Azare, sai matarsa ta haifi mace. 'Yata ta zo daga Gamawa don hidimar suna, ta sauka a wurina. Suna ranar Juma'a. Ni kuwa akwai abin da ke cina a rai wanda girman kai ya hana ni faɗa. Jikoki gare ni kamar me, amma ko ɗaya ba a sa mata sunana ba. Ƙawayena kowace tana da takwara, wata har biyu. Na kuma san jikana ba zai yanka suna ba sai abin da ubansa ya ce. Wato dai maganar tana hannun Alhaji.

Ranar Larabar na kwaɓa lalle na sa wa 'yata a hannu biyu, na naɗe da leda, na ɗaure da tsumma tamau har gwiwar hannu, yadda ko ƙuda ba za ta iya kora ba. Na zaunar da ita a tabarma ƙarƙashin dogonyaro, na shiga ɗaki na yi sallah. Da na sallame na ga wayarta a kan gadona, an jona ta tana shan wuta. Ku riƙe wannan, don shi ya kashe ni.

Na fito na tarar da ita ta sunkuyar da kai tana cewa, "To. Madalla. Allah ya saka da alheri." Na ɗauka da ni take, godiyar lalle. Sai na zauna, abin da ke raina ya taso.

Na ce, "Bar godiya, 'yar nan. Ni dai na san jibi sunan wata gwaggonsa ta Dagauda za mu sake ji."

Ta ɗago da sauri ta zaro ido. "Inna, yana ji fa."

"Wa ke ji?"

"Maigidan. Yana kan layi."

Na yi dariya har da tafa cinya. Na ce, "Layin me? Wayarki tana can kan gadona, da idona na gan ta. Ko daga Gamawa ya miƙo kunne?"

"Wallahi Inna, abin yana kunnena."

Da ni mai hankali ce, da nan na tsaya na tambaya. Amma gani na yi yarinyar da na goya tana so ta tsorata ni da mijinta a cikin gidana. Sai na miƙe, na karkata ɗankwali yadda yake karkata hula, na tura ciki gaba, na yi gyaran murya sau uku kamar yadda yake yi kafin kowace magana, ko da ruwa zai roƙa. Na ce da muryarsa sak, "Ehem. Ehem. Ehem. To, a gaskiya, bisa ga yadda al'amura suke tafiya a kasuwa..." Na bi ta kan tafiyarsa, na bi ta kan yadda yake lissafa ƙwayar dawa da ido. Daga nan na tono ragon da ya yanka a sunan jikan nawa, shekara ashirin da takwas baya. Na ce ragon nan mage ce aka sa wa ƙaho, har mahauci ya tsaya yana tambaya, a yanka ne ko a ba ta madara. Sannan na kama sunansa, sunan yanka, na faɗa sau uku da ƙarfi.

Duk wannan 'yata tana ta goga kunne a kafaɗa kamar akuya mai ƙaiƙayi, hannuwa a ɗaure, hawaye na zuba. Ɗankwalinta ya zame, na hango wani farin abu ya leƙo daga kunnenta yana shirin faɗuwa. Na ce, "Af, ciwon kunne kike yi ba ki faɗa ba? Tsaya audugar za ta faɗi." Na sa yatsa na mayar mata da shi ciki da kyau. Da hannuna, jama'a. Sannan na koma kan maganar rago.

Can sai ta saki kafaɗa. Ta ce, "Ya ce a gaishe ki. Ya kashe."

Na kwance mata hannu ɗaya, ta ciro abin ta ɗora mini a tafi. Bai kai ɗan yatsana ba, fari, da ɗan wutsiya. Ba igiya, ba komai. Ta ce ɗanta ne ya saya mata, saboda kullum hannunta yana cikin tuyar ƙuliƙuli. In an kira, ta dangwala shi da kafaɗa ta amsa. Na ce, "To godiyar me kike yi da na fito?" Ta dube ni ta ce, "Yana gaya mini sun gama magana da yaron, sunanki za a sa."

Ban ci tuwo ba ranar. Amma ko a lokacin ban yarda duka ba. Na ce a raina, ta yiwu abin nan yana kawo magana ne kawai, ba ya kaiwa. Ta yiwu gaisuwar da ya aiko ta yau da kullum ce. Washegari da hantsi na ɗaure abin kunnen da ɗan'uwansa na ɗaya kunnen da ɗan akwatin da ake ajiye su a bakin zane, na ja mayafi na nufi kasuwa, wurin wani mai gyaran waya, mutumin kudu ne da ya fi shekara ashirin a garin nan, Hausarsa har da karin Katagum.

Na ce, "Ɗan nan, tambaya na zo yi, ba don kaina ba, wata ce ta aiko ni. Wannan abin, in waya tana ɗaki shi yana tsakar gida, yana iya ɗaukar maganar mutum?"

Ya ce, "Mama, ai aikinsa ke nan. Zauna in nuna miki, ki kai wa mai aiken."

Ya jawo wani matacce irinsa daga cikin tarkace, ya ɓare shi da ɗan ƙarfe kamar gyaɗa. Na matsa ido. Ya nuna mini batir, bai kai ƙwayar wake ba. Ya nuna mini lasifika ƙarama kamar maɓallin riga, ya ce ita ke kaɗawa ta yi sauti a kunne. Ya nuna wani ɗan baƙin abu, ya ce nan ne ƙwaƙwalwar. Sai kuma wata 'yar huda a ƙasan wutsiyar, kamar ta allura. Ya ce, "Wannan makirfo ne. Nan magana take shiga."

Na ce, "To ta ina take bi ta je ɗaki, babu igiya?"

Ya ce, "Kina jin rediyo?" Na ce tun ba a haife shi ba. Ya ce, "Akwai igiya tsakanin gidanki da gidan rediyo? To haka ne. Wayar 'yar ƙaramar tashar rediyo ce, wannan ma haka, kowanne yana aikawa, kowanne yana karɓa. Bulutut ake ce masa. Yana daddatsa muryar mutum ƙanana-ƙanana, ya watsa ta iska, wayar ta tattara ta haɗa, ta tura wa wanda ake magana da shi. Kafin ki ƙifta ido an gama."

Na ce, "Ba ya ɓata hanya? Ya kai wa wayar maƙwabta, misali?" Don wallahi a ranar da na fi son a ce duk unguwa ta ji, ban da mutum ɗaya.

Ya ce a'a. Ranar farko ake gabatar da su ga juna, shi da wayar, daga nan sun san juna, ba ya kula wata. Kuma ba sa tsayawa a tasha ɗaya, tsalle suke yi tare daga wannan zuwa waccan don kada maganar wasu ta shiga tasu. In sun gaji a mayar da su akwatin, shi ma da batir a cikinsa, su kwanta su sha wuta.

Saura dabara ɗaya ta rage mini. Na ce, "Amma gidan matar nan akwai kaji, ga maƙwabta suna daka. Ai hayaniya za ta rufe maganar."

Ya ɗaga na 'yata ya juya shi, ya ce, "Wannan mai kyau ne, Mama. Yana rage hayaniya, ya tace muryar mutum. In mai maganar tana kusa kuma tana da murya, tas za a ji ta." Ya ɗan dube ni. "Mai aiken tana da murya?"

Na ce ban sani ba. Ya ƙara da cewa ai da an dangwala bayansa daidai, da kiran ya yanke. Wato yatsan nan nawa, da ya kauce kaɗan, da ya cece ni. Abu ɗaya na samu na riƙe: ya ce ba ya nisa, in an wuce kamar taku goma sha biyar, balle da bango a tsakani, sai ya fara yankewa.

Na dawo gida ko mayafi ban cire ba, na tsaya a bakin gado na fara aunawa zuwa gindin dogonyaro. Taku takwas. Na koma na sake, ina ƙananan taku kamar amarya. Sha ɗaya. Ina cikin na uku, ina jan ƙafa kamar hawainiya, 'yata ta leƙo ta ce, "Inna, ko da rarrafe kika auna, ya ji."

Na so in ba da haƙuri, amma ta wace ƙofa? Matar da shekara talatin ba ta haɗa ido da mutum ba, ta aika ta ce masa me? Shi kuma da 'yata ta kira shi, maganar motar da za su shigo kawai ya yi.

Ranar Juma'a da sassafe maza suka taru a ƙofar gidan jikana, mu mata muna ciki. Na sami lungu na zauna, ni da kullum nake tsakiyar taro. Ƙawayena suna ta tambaya ko ba ni da lafiya. Muka ji an shafa fatiha. Wata mata da ke tsaye a zaure ta juyo da gudu ta rangaɗa guɗa, ta faɗi sunan. Nawa ne. Aka yi caa a kaina, ni kuwa na rufe fuska da mayafi ina kuka, rabi daɗi, rabi kunya.

Ban gama share ido ba sai ga rago an jawo shi tsakar gida, mutum biyu na riƙe da shi, ƙato kamar maraƙi. 'Yata ta zo ta durƙusa, ta ce Alhaji yana son magana da ni. Kafin in nemi labule ta sa mini abin nan a kunne. Sai ga muryarsa a tsakiyar kaina, kamar a cikina yake zaune.

"Ehem. Ehem. Ehem." Sannan ya ƙara na huɗu. "Hajiya, barka da arziki. Na ce a nuna miki kafin a yanka. Wannan a ba shi madara, ko ya isa?"

Na ce, "Alhaji, ka yafe mini. Bakina ne."

Ya ce, "Babu komai, Hajiya. Shekara talatin ina tausayin matata, ina cewa ta tashi a gidan da ba a hira." Ina jin mazan da ke gefensa suna dariya. "Sai dai tunda ba za mu iya kiran yarinya da sunanki gatsau ba, na zaɓa mata na kira."

Mage. Haka ya sa mata, haka kuma ya bi ta. Yau shekararta huɗu, bakinta ba ya rufuwa, kwanan nan na kama ta tana kwaikwayon tafiyata a bayan randa. Kullum aka ƙwala mata kira a gidan nan sai na ji kamar an ja mini kunne.

Abin da na koya, ban ce na daina kwaikwayo ba, don ƙarya ba kyau a shekaruna. Amma na gane ganin idona ba shi ne iyakar abin da ke akwai ba. Na ga waya a kan gado, na ɗauka na gama sanin duniya, alhali 'yar da na haifa tana gabana tana rantsuwa. Yanzu in wanda bai kai ni shekaru ba ya ce mini, "Inna, tsaya," ina tsayawa in tambaya. Kuma duk wadda ta zauna a tabarmata, kafin in buɗe baki, sai ta ɗaga ɗankwali na ga kunnuwanta duka biyu.