Hajja Mu'mina da Tozon Babakura

Duk wanda ya zauna a Moduganari ya san Hajja Mu'mina, in bai san fuskarta ba ya san ƙamshin miyarta. 'Yar Konduga ce, ubanta manomin lambu, ta taso cikin alayyafo da yakuwa da kuɓewa, sai Allah Ya haɗa ta da mutumin da bai ɗauki ganye abincin ɗan'adam ba. Alhaji Harun dillalin shanu ne, kakanninsa makiyaya, kuma a wurinsa duk kwanon da ba nama to ba a gama girki ba. Shekara ashirin da shida tana dafa masa yadda yake so, mai yana yawo a saman miya, yana ci yana sa mata albarka.

Sai bara ya dawo daga kasuwa da jiri, kansa kamar zai tsage. A asibiti Likita Pindar ya auna jininsa, ya dube shi da Hajja ya ce, "Alhaji, jininka ya hau, maiƙo kuma ya yi yawa a cikinsa. In ba a rage kitse ba, ina jin tsoron shanyewar ɓarin jiki."

Wan Alhaji shekara huɗu ke nan yana kwance da wannan ciwo, sai an juya shi. Tsoro ya kama Hajja sosai, ba ta kuma ɓoye ba.

Likitan bai hana nama gaba ɗaya ba. Ya ce kaɗan, tsoka zalla, ban da suya, a cika ganye. To kaɗan ɗin ne aikin! Ka sa wa Alhaji yanka biyu a kwano, ai sai ya leƙa ya tambaya ko an yi baƙi ne. Nan Hajja ta yi dabara, ta ce ya riƙa kawo mata naman a niƙe. Rubu'in kilo sai ta watsa shi cikin tukunyar alayyafo, ko'ina ka kai loma ka ci karo da nama. Wata rana ta cuɗa shi da dafaffen wake da albasa da citta, ta cura ƙanana ta gasa a kan garwashi. Wata rana ta zuba shi cikin miyar ɗanyar kuɓewa a ci da burabiskon gero, ko ta turara shi da zogale da kabewa. Man gyaɗa cokali ɗaya, gishiri ɗan mitsitsi. Alhaji ya yi ƙunƙuni na mako guda, daga nan ya fara neman ƙari.

Bayan wata uku suka koma asibiti, Hajja har da sabon mayafi, tana jiran yabo. Likita Pindar ya duba takarda ya girgiza kai. Maiƙon nan bai sauka ba, sai ma ɗan hawa da ya yi.

"Hajja, anya ana bin abin da na faɗa?"

Kai, maganar nan ta ƙona mata rai. Ko gida ba su kai ba, a cikin Keke ta juya kan mijinta. "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ina nan ina fama da hayaƙi, kai kana can kana cin tsire a bakin kasuwa?"

"Wallahi ban ci ba."

"To aljanu ne ke ɗura maka kitse?"

Ya kau da kai. Kwana biyar suna gaisuwa sama-sama, ita tana ganin ya ci amanarta, shi yana ganin ta mai da shi maƙaryaci.

Rana ta shida ta tafasa niƙaƙƙen naman za ta yi miya, sai aka aiko maƙwabciya ta haihu. Da yake akwai wuta, ta tura tukunyar cikin firji ta fita barka. Da ta dawo da la'asar ta buɗe, sai ga farin kitse ya daskare a sama, kaurinsa ya kai yatsa. Ta sa cokali ta ɗaga shi gaba ɗaya kamar faifai. Tabɗijam! Wannan ne tsoka zalla?

Ba ta saba zuwa wurin mahauta ba, cefanen nama aikin Alhaji ne. Amma ranar ta ƙulle kitsen a leda, ta nufi rumfar Babakura, mahaucin da ke niƙa musu nama.

"Lale, lale, Hajja! Yau ke da kanki?"

Ta ajiye ledar a kan teburinsa. "Malam Babakura, me kake sa mana a nama?"

Mutumin nan ya washe baki, wai shi an gane alherinsa. "Tozo ne, Hajja! Alhaji yakan ce tsoka zalla, in auna masa tsoka zalla. To amma shekara talatin a hannunsa nake sayen shanu. In sallame shi ba gyara kamar baƙo? Haba! Yana juyawa gaisawa da mutane, sai in yanko tozo mai kyau in jefa a inji. Ban taɓa faɗa masa ba, alheri ai ba a shelarsa."

Hajja ta rasa abin yi, dariya ko kuka. Ta zauna a benci ta yi masa bayanin likita dalla-dalla. Babakura ya ajiye wuƙa, ya dafe kai yana salati. "Ashe kashe shi nake yi da hannuna?"

"Ba ka kashe shi ba tukuna. Ka dai daina."

"To gyaran fa? Ni ba zan iya ba shi nama tsurarsa ba, kunya ba za ta bar ni ba."

Ta nuna mai kayan miya da ke gefensa. "Ga alayyafo can. Ka saya masa dami ɗaya."

Haka kuwa aka yi. Tun daga ranar Alhaji Harun, dillalin shanu guda, ke ratsa unguwa da damin ganye a hammata, abokansa na tsokanarsa wai ya koma akuya.

Wata uku suka sake cika. Wannan karon Hajja ba ta yi kwalliya ba. Likita Pindar ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya cire tabarau ya yi murmushi. "Ya sauka, Hajja. Ya sauka sosai, jinin ma ya daidaita. Ku ci gaba da haka, da shan magani."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye na zuba, tana ta alhamdulillahi. Da suka fito ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta tsaya.

"Alhaji, ka yafe mini. Na ce ka yi ƙarya, alhali ba ka yi ba."

Ya kalli ƙasa. "Na yafe. Kin san abin da ya hana ni tsiren nan? Kullum kafin in shiga kasuwa sai na biya na juya Yaya a kan gadonsa. Ba na son ki juya ni, Mu'mina."