Hankalin Iya Ya Tafi Garka

Ina tsakiyar wani littafi da hantsi maigidana ya bugo waya daga Tibiri. "Iya ta cika," ya ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iya Hadiza kakarsa ce. Tun da aka kawo ni unguwar Zariya ɗakinta ke jikin nawa, sai bana da ɗiyarta ta ɗauke ta jinya can Tibiri.

Na tarar da ita ta fara mantuwa. Sai ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba. Sai ta yafa gyale tana neman kabu-kabu, wai zogalenta na Jiratawa na jin ƙishirwa, alhali an daɗe da barin garkar, wato lambun nata. Likita ya ba abin suna da Faransanci, wani maƙwabci ya fassara mana da hauka. Kalmar ta zauna a gidan, har baƙi suka koma gaishe ta daga bakin ƙofa.

Ni kuwa karatu nake mata, don ita kaɗai ce ba ta taɓa yi mini gorin littattafan soyayya ba. Wata rana na zo inda aka ce wata tsohuwa ta haukace don ta kasa gane ɗanta. Iya ta dafa hannuna.

"Amarya, mi aka ce?"

Na maimaita.

"Ƙarya ne! Ni wa na jefa da dutse?"

Wallahi sai da na miƙe tsaye don murna. Iya ce ta dawo, ras da ita, ido tar! Ta ce mantuwa ta kowa ce, "har ke da kike ƙona miya kan littafi." Ruɗewa, in ji ta, ta zazzaɓi ce, gobe ta wuce. Gigin tsufa kuwa sai wanda Allah ya ja wa kwana.

"To naki wanne ne, Iya?"

"Nawa? Hankalina ya tafi garka ban ruwa. In ya gama ya dawo."

Na fita da gudu ina kiran mutanen gida su zo su ji. Kafin su iso, ta koma tambayata ɗiyar wa ce ni. Amma maganar ta kama. Daga ranar, in ta rikice sai mu ce Iya na garka, baƙi ma suka dawo zama kan tabarmarta.

Jiya a zaman makoki wata dattijuwa ta ce, "Ta huta da hauka." Ba a san ni da magana gaban surukai ba, amma bakina ya riga ni.

"Gwaggo, ba hauka ta yi ba. Garka ta tafi."

Sai surukata ta share hawaye ta ce, "Haka ne, ɗiyata."

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe kurakuranta, ya ba 'ya'yanta da mu jikoki haƙurin rashinta. Ya tashe ta da cikakken hankalinta a lambunan Aljanna, inda ruwa ke gudu da kansa, ba sai ta yi ban ruwa ba. Amin.