Ruwan da Kwaɗi Suka Ƙi

Ƙanin mijina bai iya bakinsa ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Wata rana ya tarar da ni ina ɗiban ruwa a rafin da ke bayan tsohuwar mahaƙar ma'adinai.

"Matar yaya, jikokinki za ki kashe?"

Na ce, "Makaho, dubi ruwan nan garau!"

"Garau ɗin ce cutar. Kin taɓa jin kukan kwaɗo a nan?"

Ban taɓa ji ba. Ashe ruwan sama ne ke wanko dafin tarkacen da masu haƙa suka tsiba suka tafi, har gansakuka ba ta tsira. Ƙanin mijin nawa shi kaɗai ya fara gyaran wurin, da baro da shebur. Ya baje tsibin, ya zuba farar ƙasa da taki, ya shuka ciyawa. Daga baya maƙwabta suka kama masa, yana zaginsu suna aiki.

Bana kwaɗi sun cika mana kunne, shi kuwa yana kwance, ƙirji ya ƙi. Da muka je dubiya, ya ce, "Sannunku ba ta riƙe ƙasa. Ku ɗaure awakinku, kada su cinye ciyawar nan."