Kawu Shigeharu da Kifin da Ake Kira Mikan

Kawu Shigeharu yayan mahaifiyata ne, kuma duk tsawon rayuwarsa aski ya yi a cikin rufaffiyar kasuwar Takamatsu a Japan, kusa da mai sayar da taliyar udon. Bayan rasuwar matarsa ya ajiye almakashi, sai ranakun Lahadi suka yi masa tsawo. Haka ya fara zuwa gidan wasan foka na wani Hamaguchi, inda nake raba karta tun da na gama jami'a. Tarihi na karanta, amma aikin ya dace da ni, don hannu kawai ake so, ba baki ba.

Ba a sa kuɗi a gidan, doka ta hana. Da kwabban roba ake yi, abin da ake ci kuwa suna ne. Kawu ya ci shi da wuri.

Hannunsa ne ya jawo. Yatsun da suka saba da reza suna juya kwabban nan har su shige cikin juna ba tare da ya kalle su ba. In na miƙa masa karta, sai ya ɗaga gefenta a hankali, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana dubawa. Samarin teburin sai su natsu. Malam suke kiransa. Ni kaɗai na san cewa shida da takwas yake ƙoƙarin bambancewa. Tabaraunsa na cikin aljihu, ya ce na tsofaffi ne.

Babban mai tsoronsa shi ne Rintaro, injiniyan kwamfuta, wanda ke da lissafin kowane ɗan wasa a kansa. Da zarar Kawu ya turo kwabbai, Rintaro zai yi ajiyar zuciya ya zubar da kartarsa.

"Malam, wata rana dai ka nuna mana abin da ka riƙe."

"In ka girma," in ji Kawu.

Akwai kuma manhajar da 'yan gidan ke bugawa a waya tsakiyar mako, kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa. Ni na buɗe wa Kawu tasa. Na tambaye shi suna, ya ce in sa ko me, sai na sa sunan kyanwarsa, Mikan.

A waya babu hannu, babu ƙanƙance ido. Abin da ake gani shi ne sau nawa mutum ke shiga wasa da irin kartar da yake shiga da ita. Mikan yana shiga da komai. Samarin suka manna masa koriyar alama, wadda ake sa wa kifi, wato wanda kowa ke ci.

Ranar Lahadi hirarsa ake yi a tebur.

"Jiya Mikan ya bi ni har ƙarshe da shida da tara," in ji Rintaro. "Shida da tara, jama'a! Ko kakata ba ta yin haka."

"Bar kakarka, ita tana sa tabarau," wani ya ce.

"Malam, me kake gani? Yaro ne ko mashayi?"

Kawu ya juya kwabbansa. "Irin waɗannan a tausaya musu," ya ce. Aka yi dariya, har da shi. Na sunkuyar da kai ina gauraya karta.

Da lokacin kaka ya shigo, mai gidan, Hamaguchi, ya sanar cewa an ba gidan kujera ɗaya a babbar gasar Osaka. Masu so sun fi ƙarfin teburansa biyu, don haka a manhaja za a tace. Kowa zai zo ya zauna da wayarsa, a allon bango kuma za a sa sunan waya kusa da sunan gaskiya, kada wani ya sa ɗan'uwansa ya buga masa.

Washegari Kawu ya zo gidanmu da kwalin kek, abin da bai taɓa yi ba. Ya jira har mahaifiyata ta shiga kicin.

"Chisato, sunan nan ana canza shi?"

"Sai dai a buɗe sabo, Kawu. Sabo kuma ba ya shiga gasa."

"To ki ce musu ba ni da lafiya."

"Rintaro zai zo dubiya. Da 'ya'yan itace."

Ya zuba wa kek ɗin ido. Shagon ya tafi, matarsa ta tafi, abin da ya rage masa shi ne teburin da ake ce masa Malam. Na so in faɗi wani abu mai sanyaya rai, amma shayi kawai na ƙara masa.

Ranar Lahadi da rana ya zo, ya yi aski tsaf, da farar riga. Ya zauna a kujerarsa ta kullum ya ajiye wayar kamar wanda aka kawo asibiti. Hamaguchi ya kunna allon. Sunaye suka jeru, a tsakiya kuma ga shi nan: Mikan, Shigeharu.

Har ƙarar firij sai da na ji. Kunnuwan Kawu suka yi ja.

Rintaro ya kalli allon, ya kalli Kawu, ya cire hularsa a hankali.

"Kai," ya ce. "Kai! Mun mutu."

"Me ya faru?" na kusa da shi ya tambaya.

"Ba ka gane ba? Duk watannin nan yana bin mu da tarkacen karta don ya ga abin da muke riƙewa. Ya san wasan kowa a nan. Mu me muka sani nasa? Shida da tara!" Ya juyo ya rusuna. "Malam, ka yafe maganar kakata."

Kawu ya buɗe baki. Ina tsammanin gaskiya ya yi niyyar faɗa. Amma hannunsa ya riga ya sami wasu kwabbai da aka bari a kan tebur, ya fara juya su.

"A fara," ya ce.

Ya buga yadda Mikan ya saba, don wani wasan bai iya ba. Ya shiga da komai. Duk sanda ya kawo wayar kusa da hanci ya ƙanƙance ido, sai ka ji ɗakin ya ɗauke numfashi, yatsu na danna janyewa. Sau ɗaya wani ɗalibi ya yi ƙarfin hali ya bi shi, sai katin ƙarshe ya faɗo wa Kawu daidai. Daga nan ba wanda ya sake gwadawa.

Aka rage shi da Rintaro. Ina tsaye a bayan Rintaro ina kwashe kofuna, na ga yana riƙe da sarakuna biyu, karta mai ƙarfin gaske. Kawu ya tura duk abin da yake da shi. Rintaro ya yi ta lissafi da leɓe, gumi na bin wuyansa, har lokacinsa ya kusa ƙarewa.

"A'a, Malam. Ba da ni ba," ya ce, ya janye. Bai ƙara farfaɗowa ba.

Da yamma muka taka zuwa tashar jirgin ƙasa, takardar Osaka na aljihun rigarsa tare da tabarau. Na tambaye shi me ya riƙe a wancan zagayen.

"Takwas guda biyu," ya ce. Muka ɗan yi tafiya. "Ko takwas da shida."

Muna jiran jirgi ya gyara kwalar rigarsa, ya dube ni da idon nan nasa.

"Kin san, Chisato, yaron nan Rintaro yana da kai. Ba kowa ne zai gano abin da nake shiryawa ba."

Na ce haka ne, Kawu. Ya ce in tuna masa ya sayo wa Mikan kifi a hanya.